Randar Inna da Fetur ɗin Kawu Iro

Duk faɗin ƙasar Gwarzo da Kabo, har ƙauyukan da mota ba ta shiga sai da rani, ban jin akwai mahaluƙin da ya kai ni sanin halin ruwa. Na kusa shekara talatin ina koyar da kemistiri a sakandare. Na tafasa ruwa a gaban ɗalibai ya fi sau dubu goma. Ka miƙo mini ruwa a kofi, in dube shi in gaya maka abin da ke ransa.

Maganar da nake yi wa matata Hajara ke nan a makon jiya da la'asar, azumi ya kai sha biyu, wuta ta kwana huɗu ba ta leƙo unguwarmu ba, firij ya koma kabad ɗin ajiye kwanuka. Ta sayo ƙanƙara, kafin magariba ta zama ruwan ɗumi a leda. Na ce mata da za ta sakar mini harkar sanyaya ruwan gidan nan, da ta ga aikin ilimi.

Ta dai ɗaga hanci sama ta shaƙi iska sau biyu, kamar mai neman inda wani abu ya zube. Da haka ta gama da ni, don na san inda ta dosa. Inna ce ta ba ta labarin tun tana amarya, kuma ta ba ta shi da kayan haɗi.

Azumi zagayawa yake yi. Sai ya yi shekara talatin da 'yan kai kafin ya sake faɗowa tsakiyar bazara irin na bana. Wancan karon ina shekara ta biyu a kwalejin horar da malamai a Kano, na dawo hutu gidanmu a Kara da littattafai uku da girman kai buhu guda.

Zafin shekarar ba a kwatanta shi da na yanzu, duk wanda ya ce maka na bana ya fi, yaro ne. Kafin hantsi ƙasa ta fara cizon ƙafa. Ƙadangare in zai tsallaka tsakar gida sai ya tsaya ya yi shawara. Kaji suna laɓe a gindin rumbu baki buɗe, ko ka watsa musu tsaba sai dai su bi ta da ido. Iska in ta taso kamar an buɗe maka murfin tukunya a fuska. Daminar da ta wuce ba ta yi auki ba, gero ya yi ƙasa a rumbu, Inna sai ta shige har kugu kafin ta ɗebo. Harawa ta ƙare tun kafin a ga wata, shanunmu shida sun koma ƙashi da fata, ana kakkaɓo musu 'ya'yan gawo. Nonon da ake tatsa duk garken bai cika ƙaramar ƙwarya ba, shi ma Inna tara shi take yi kwana biyu kafin a dama fura sau ɗaya.

Da an sallame asuba, ni da Baba mu nufi rijiya. Ruwa ya ja baya, igiya an yi mata ƙari har sau biyu. Ka jefa guga ka jira, ka jawo, ya fito rabi ruwa rabi taɓo, ga wani wari kamar an jiƙa tsohon takalmi. Mu cika tuluna huɗu mu kawo gida a bar su su kwanta. Daga nan sai gona, sharar kara da kai taki a mangala, don ba a san ranar da ruwan sama zai sauko ba. Rana na ɗagawa mu dawo mu zube a gindin darbejiyar ƙofar gida, kowa ya lulluɓe da jiƙaƙƙen zane. Harshe ya manne da ganɗa. Ba mai magana, don magana ma yawu take ci.

Abu ɗaya ne ya riƙe gidanmu a wannan azumi: randar Inna.

Ta gaje ta daga mahaifiyarta. Baƙa ce, mai faɗin ciki, bakinta ya ɗan gutsure ta gefe ɗaya. Tana can ƙarshen gida a ƙarƙashin rumfar zana, nesa da murhu, an binne gindinta a cikin yashi. Duk safiya Inna ta tace ruwan da ya kwanta ta zuba, ta jefa saiwar jema, ta yayyafa wa yashin ruwa, ta naɗe cikin randar da buhun algarara, ta jiƙa shi sharkaf, ta rufe da faifai. Azahar ta sake jiƙa buhun, la'asar ta sake. Ruwan wanke-wanke ma sai an yi lissafinsa a gidan, amma na buhun nan ba a taɓa shi. In an kira magariba ka kafa kai a moɗa, sanyin sai ya bi ta haƙori ya fito ta ƙeya. Gidaje uku na maƙwabta suna aiko da kwano a sam musu na buɗa baki. Liman da kansa ya taɓa cewa in da lada ake rabawa da sanyin ruwa, Inna ta gama da mu.

To ni kuma a zangon da ya wuce aka koya mana dalilin da ya sa kowane abu mai ruwa-ruwa yake da nasa zafin da yake tafasa. Malaminmu ya ce komai ka gani, 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma suna riƙe da juna. Tafasa ba komai ba ce illa zafi ya yi yawan da za su saki juna su tashi sama. In riƙon ya yi ƙarfi, sai an sha wuta. In sako-sako ne, ɗan ɗumi ya isa. Ƙwayoyin ruwa ƙanana ne amma riƙonsu irin na mutanen Kara ne a wurin gaisuwa, in sun kama hannunka sai sun tambayi gida da gajiya da shanu da kakarka da ta rasu, shi ya sa sai zafi ya kai digiri ɗari suke rabuwa. Na fetur kuwa fasinjojin tasha ne, ba wanda ya san wani, mota na tsayawa kowa ya dire, zafin rana ma ya ishe su watsewa. Na man gyaɗa dogaye ne, sun harɗe kamar igiyoyin shanu da aka jibge wuri ɗaya, ruwa ya tafasa ya ƙone su ko gezau.

Sai malamin ya ɗiga mana sifirit a bayan hannu, irin wanda ake goge wurin allura da shi. Nan take ya bushe, wurin ya yi sanyi ƙalau. Ya ce duk ƙwayar da ta tashi, da zafin wurin take tafiya.

Wannan magana ta zauna mini. Kullum ina kallon Inna tana jiƙa buhu ina jin tausayinta. Na ce a raina, baiwar Allah tana wahala da ruwa, abin da ya fi komai taurin kai wajen tashi. Da abu mai saurin tashi aka jiƙa buhun nan, ai ƙanƙara za a riƙa fasawa da taɓarya. Sifirit babu shi sai asibitin Gwarzo. Fetur kuwa ana tsananin wahalarsa a lokacin, gidajen mai a rufe, sai 'yan bumburutu a bakin titi da galan-galan.

Ran sha bakwai ga wata sai ga Kawu Iro, ƙanin Inna, ya taso daga Masanawa a kan babur ɗinsa zai sha ruwa da mu. Mutum ne mai son babur ɗinsa fiye da wasu 'ya'yansa. Ya jingine shi a zaure, ya goge shi da hula, ya ce, "Ɗan boko, an dawo? Me aka koyo mana bana, ko har yanzu ana nan ana ƙirga ƙafar ƙuda?"

Na ce, "Kawu, yau za ka sha ruwan da ba ka taɓa sha ba."

Ya ce, "Na Yaya ai na saba sha. Shi ya kawo ni, ba fuskarka ba."

Bayan la'asar Kawu da Baba suka miƙe a gindin darbejiya. Inna ta jiƙa buhunta na ƙarshe ta shiga maƙwabta niƙan wake. Na ɗauko guntun tiyo da kwalabe biyu na shiga zaure. Na ga 'yan bumburutu suna yi, ka zura tiyo a tanki, ka zuƙa kaɗan, ka cire baki. Abin da ban sani ba, cire bakin shi ne sana'ar. Fetur ya taho mini kamar an aiko shi. Ya cika mini baki, ya bi ta hanci, ya taɓo maƙogwaro. Na durƙusa ina tofarwa, hawaye na zuba, ina ta rantse wa kaina cewa ban haɗiya ba. Wanda bai taɓa kurkure baki da fetur yana azumi ba, ba shi da abin da zai gaya mini game da ɗaci. Kamar ka tsotsi ƙusa mai tsatsa da aka jiƙa a maɗaciyar akuya.

Duk da haka na cika kwalba, na ƙara rabi. Na je na kwance buhun Inna na matse shi tas, har ina jin haushin ruwan da ke ciki. Na mayar na naɗe, na tuttule masa fetur ta kowane gefe, na ɗauki wani faifai na hau fifita. Allah Ya taimake ni murhu na can nesa kuma ba a hura ba tukuna, in ba haka ba da wani ne yake ba ku labarin nan. Na taɓa buhun, sanyi kamar hancin kare. Na ce shi ke nan, Kara ta shiga tarihi.

Wari kuwa ya cika gida. Inna ta dawo da ƙullunta ta tsaya a tsakar gida tana yamutsa fuska.

"Iro, wannan abin hawan naka yoyo yake yi ne? Fitar mana da shi waje, zan hura wuta."

Kawu ya tura babur waje yana gunaguni, ya ce babur ɗinsa bai taɓa yoyo ba sai dai in ido aka sa masa. Ni ina gefe ina danne dariya, ina gyatsar fetur.

Rana ta faɗi. Aka shimfiɗa tabarma. Inna ta ɗebo ruwa a randa ta dama fura da nonon da ta tara kwana biyu. Ita hancinta ya riga ya cika da warin gidan, ba ta bambance ba. Ta ciko moɗa ta ajiye gaban baƙo. Ladan ya ɗaga murya. Kawu ya yi bisimilla ya kafa kai, irin kafawar mutumin da ya yi tafiyar rana da ƙishi.

Ya yi maƙwarwa uku kafin saƙon ya isa. Sai ya tsaya. Idanunsa suka fito. Ya juya ya fesar da na bakinsa har kan akuyar da ke ɗaure, akuyar ta yi atishawa ta ja baya.

"Yaya," ya ce da wata siririyar murya, "a gareji kika ɗebo?"

Baba ya karɓi moɗar ya sansana, ya karkata ta wajen sauran hasken yamma. Wani maiƙo ne yake yawo a saman ruwan, shuɗi da kore da ja, kamar wuyan tattabara. Ya ɗanɗana furar da ɗan yatsa ya tofar. Ya dube ni. Kowa ya dube ni. Wata gyatsa ta zo mini a daidai lokacin, ta amsa duk tambayoyin da ba a yi ba.

Na fara bayani. Na ce ƙwayoyin fetur ba sa riƙe juna, na ce fasinjojin tasha, na ce ku taɓa ku ji ai ya yi sanyi. Kawu ya taɓa moɗar ya ce, "Sanyin jiya ne, ɗan nan, ko kaɗan bai ƙaru ba. Wari ne kawai ka ƙara. Tsaya ma, fetur ɗin wa?"

Inna ba ta tsaya jin amsa ba. Ta tafi rumfa, muka bi ta. Ta kwance buhun ta yar, ta shafa cikin randar ta duba tafin hannunta yana ƙyalli. Ni ne ɗanta na fari, kuma mu gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Tun da na yi wayo "kai wannan" nake ji, ko "yaron nan". Ran nan ta juyo ta ce, a hankali, "Sulaimanu."

Na gwammace ta ɗauki muciya.

Da ruwan tulu muka buɗe baki, mai ɗumi, mai warin takalmi, ana taunar yashi a ciki. Furar aka zubar bayan gida, kare ya zo ya sansana ya yi tafiyarsa. Maƙwabta suka aiko da kwanukansu aka mayar da su wayam. Washegari Kawu ya kama hanyar Masanawa, mai ya ƙare masa a tsakiyar daji, ya ƙarasa da turi cikin rana da azumi a bakinsa. Ya yi shekara biyu in ya gan ni sai ya rufe tankinsa da tafin hannu.

Ni dai na ba Inna tabbaci. Na ce ta kwantar da hankalinta, fetur ba ya zama, a sa randar a rana kwana ɗaya zai gudu gaba ɗaya, haka littafi ya ce. Ta ce to. Muka tono ta daga yashi, ni da Baba muka ɗauke ta kamar mara lafiya muka kai tsakar gida. Ta wuni a rana. Aka zuba ruwa, da magariba aka ɗanɗana. Gareji.

Inna ta dirje ta da toka. Ta dirje da sabulu. Ta jiƙa tsamiya ta cika ta, ta kwana. Ta kifa ta a kan garwashi da turare har sau uku. Kowane gwaji tulu biyu yake ci, kuma Baba ya yanke cewa ni kaɗai zan riƙa jawo su, bayan na gidan. Tafin hannuna ya yi kanta ya fashe. Kullum da magariba Inna ta ɗebo a moɗa, ta kai hanci, ta ajiye. Ƙamshin turare a sama, warin mai a ƙasa, sun haɗu sun zama wani abu na uku da ya fi kowannensu tayar da zuciya. Ni kuma kwana uku ina gyatsa, a sahu mutane suna matsawa. Na je na tambayi liman matsayin azumina na ran nan, ya saurara har ƙarshe, ya ce in rama, kuma in ɗan ja baya in ina masa magana.

Ran kwana na bakwai Inna ba ta ce a kawo ruwa ba. Ta mirgina randar da kanta, ba ta yarda na taɓa ba, ta kai ta bayan rumbu ta jingine. Ta tsaya a kanta jim kaɗan, ta dawo ta ci gaba da tankaɗe. Baba ya sayo sabuwa a kasuwa, ja, mai kaurin jiki, ruwanta ɗanɗanon yumɓu kuma sanyinta bai wuce na inuwa ba. Da ita muka ƙarasa azumi. Maƙwabta suka daina aiko kwano. Da ruwan farko ya sauka bayan salla, ƙasa ta tashi da ƙamshi, tsohuwar randa ta cika a inda take. Duk wani gurbi a gidan sai da kwaɗi suka shiga, ban da ita.

Da na koma makaranta na kai wa malaminmu ƙara, wai littafi ya ci amanata. Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce kurakuraina biyu ne, bayan na ukun da ya kusa ƙone gida. Na farko, randa ba kwalba ba ce, jikinta ƙofofi ne, ta nan take zufa, kuma ƙofar da ruwa ya fita mai ma zai shiga. Man 'yan bumburutu kuwa a lokacin wahala da wuya ka same shi ba a sirka shi da kananzir ba. Ƙwayoyin kananzir sun fi na fetur tsawo, sun fi riƙe juna, zafin rana ba ya korar su da sauƙi. Fasinjojin sun dire, masu kaya sun yi zamansu a cikin yumɓu. Na biyu kuma shi ya fi yi mini ciwo. Ya ce wannan taurin kan na ruwa da na raina, shi ne amfaninsa. Tunda sai da ƙyar ƙwayarsa take sakin 'yan uwanta, in ta tashi da zafi mai yawa take tafiya, ninkin-ba-ninkin na fetur, kuma a hankali, wuni guda. Fetur ya tashi fuu, ya ɗauki ɗan abin da ya ɗauka, ya bar ka da wari.

Tun da na fara koyarwa, duk shekara da wannan darasi nake farawa, ba na dai faɗin randar wa.

Shekaranjiya, 'yan kwanaki bayan Hajara ta yi shaƙar iskarta, na shirya na tafi Kara gaida Inna. Ta tsufa, ido ya yi rauni, amma hancin na nan. Akwai famfon burtsatse a unguwar yanzu, akwai mai sayar da ruwan leda a bakin masallaci, ita dai tana nan da randa a rumfa, wata ta daban, da yashinta da buhunta. Na same ta da la'asar tana yayyafa wa buhun ruwa. Na tsuguna na gaishe ta, ta tambayi Hajara da yara da aiki da zafi. Sai na ga lokaci ya yi da zan biya bashin bayani. Na zauna na warware mata komai tiryan-tiryan, ƙwayoyi da riƙonsu, dalilin da ruwa ya fi fetur, dalilin da yumɓu ke zufa. Na ce, "Inna, in taƙaice miki, duk binciken masana ya tabbatar babu dabarar da ta fi taki."

Ta matse gefen buhun, ta gyara zaman faifai, ta matsar da moɗa daga kusa da ƙafata.

Ta ce, "To madalla. Wato shekara talatin kana karatu, ka gano in jiƙa buhu."